Ina Aka Kai Man Tsohuwar Taransifoma?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Birnin Gwari, daga cikin gari har Kuyello, Dogon Dawa, Damari, Randagi, Kakangi da sauran garuruwan da ke bakin daji, domin zancen yau naku ne.

Tun da aka sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan shekarun da ta yi a rufe, hirar mutane ta fara sauyawa. A da in an haɗu sai jaje da lissafin waɗanda aka rasa. Yanzu ana zancen farashin shanu, ana zancen gonar da aka daɗe ba a taka ba, ana zancen gyaran hanya da makaranta da asibiti. Allah Ya ɗorar mana da wannan sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A cikin buƙatun da jama'a ke miƙa wa hukuma, wutar lantarki tana sahun gaba, kuma da gaskiyarsu. Mai injin niƙa yana jiran ta, mai walda yana jiran ta, ma'aikacin asibitin da ke son ajiye allurar rigakafi cikin sanyi yana jiran ta. Ni ma ina cikin masu roƙon a kawo ta da wuri. Sai dai akwai tambaya guda da nake so mu haɗa da wannan roƙo. In an kawo sabuwar taransifoma, ina za a kai tsohuwar? Man da ke cikinta kuma, a hannun wa zai ƙare?

Taransifoma dai tukunyar ƙarfe ce, cikinta wayar jan ƙarfe ce a nannaɗe, sannan aka cika ta da mai. Man nan shi ke sanyaya ta, shi ke hana wuta yin tartsatsi a ciki. Irin wadda muke gani a bakin unguwa tana iya ɗaukar mai fiye da durom guda. Mafi yawan wannan mai daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Amma tun daga shekarar 1929 masana'antu a Amurka suka fara haɗa wani sinadari da ake kira folikulorinetad baifenil, wanda duniya ta taƙaita sunansa da PCB. Ba ya kama wuta da sauƙi, zafi ba ya lalata shi, shekaru ba sa ruɓar da shi. Injiniyoyin wancan zamani suka ga sun tsinci dami a kala. Kamfanin Monsanto ya riƙa sayar da shi da sunan Aroclor, Jamusawa suka kira nasu Clophen, Faransawa Pyralène, Tarayyar Sobiyet Sovol. Kafin a daina haɗa shi an zuba wa duniya fiye da tan miliyan ɗaya. Nijeriya ba ta taɓa haɗa shi ba, amma ya shigo mana a cikin taransifomomi da kwandansoshin da aka riƙa sayowa tun kafin zamanin NEPA da kuma a zamaninta.

Halin da aka yabe shi da shi, shi ne ya zama masifarsa. Abin da ya ƙi ruɓewa a cikin tukunyar ƙarfe, ba zai ruɓe a cikin ƙasa ba, ba kuma zai ruɓe a cikin jikin ɗan Adam ba. A 1966 wani masani mai suna Sören Jensen, yana aiki a ƙasar Suwidin, ya gano shi a cikin kifi da jikin gaggafa, a wuraren da babu wanda ya zuba shi da gangan. Daga nan aka fara bin sawunsa, aka tarar ya gama duniya. Amurka ta haramta haɗa shi a 1979, wasu ƙasashe ma suka haramta shi. Amma haramta haɗa sabo bai kwashe wanda ya riga ya shiga cikin na'urori ba, kuma taransifoma tana iya shekara talatin ko arba'in tana aiki.

Ku saurari yadda yake tafiya, domin nan ne abin ya shafi manomi da makiyayi da masunci. Sinadarin nan ba ya jituwa da ruwa, kitse yake so. In mai ya ɗiga a gindin taransifoma, sai ya maƙale wa ƙasa. Damina ta zo ta wanke ƙasar zuwa kwari, daga kwari zuwa fadama ko rafi, ya kwanta cikin laka. Tarwaɗa kuwa a laka take kiwo. Ƙaramin kifi ya ci kaɗan, babba ya cinye ƙanana da yawa, gubar tana taruwa a kitse, tana ninkuwa a kowane mataki, har ta iso kwanon mai gida. Kazar da ke tono a wurin tana zuba shi a gwaiduwar ƙwanta. Saniyar da ta ci ciyawar wurin tare da ƙasar da ke jikinta tana fitar da shi a nono da man shanu. In ya shiga jikin mutum yana iya shekaru bai fita ba, kuma mai juna biyu tana miƙa shi ga abin da ke cikinta, mai shayarwa tana miƙa shi ga jaririnta. Iyayenmu mata, kada wata ta ji wannan ta ce za ta yaye ɗanta. Nonon uwa shi ne abincin da ya fi dacewa da jariri. Abin da ya wajaba shi ne a kare uwar daga gubar tun farko.

Mutanen Japan sun ga abin da idonsu a 1968. A wata masana'antar tace man dusar shinkafa da ke yankin Fukuoka, PCB ɗin da ake ɗumama injin da shi ya yoyo cikin man girki, aka zuba a gwangwanaye aka kai kasuwa. Kaji ne suka fara mutuwa, kusan 400,000, saboda abincinsu da aka haɗa daga wannan masana'anta. Sai mutane suka biyo baya. Kimanin mutum 14,000 suka kai kuka: manyan ƙuraje masu baƙin kai a fuska da baya, farce da dasashi sun yi baƙi, idanu suna kumbura suna zubar da kwantsa, kasala, ciwon hanta. Matan da suka ci man suka haifi jarirai marasa nauyi, fatarsu ta yi duhu. Har yau ana kiran cutar da sunan Yusho, wato ciwon mai, kuma akwai waɗanda suka tsufa da ita. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 1979, irin wannan ya sake faruwa a Taiwan, ya kama mutum wajen 2,000, aka kuma ga yaran da aka haifa a lokacin suna da nauyin fahimta. A 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PCB a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

To, mu dawo gida. Kowa ya san ana fasa taransifoma a ƙasar nan. Ɓarawo yana neman jan ƙarfe, kuma kafin ya kai gare shi sai ya zubar da man ko ya tsiyaye shi a jarka. Man da aka tsiyaye ba ya rasa mai saye. Masu walda suna zuba shi a injinan waldar da ake haɗawa a gida. Wasu suna shafa wa katakon rufi don maganin gara. Na taɓa tsayawa a wata tashar mota na ga mutum ya jera ƙananan kwalabe na wani mai fari tas, yana tallarsa a matsayin maganin ƙaiƙayi da sanyin ƙashi, yana kuma faɗa da bakinsa cewa man taransifoma ne, wai wutar da ta ratsa shi ita ce maganin. Na ga uwa ta saya don ta shafa wa ɗanta, kuma abin bai bar raina ba har yau. Rashin sani ya fi dare duhu. Wutar lantarki ba ta barin wani magani a cikin mai, kuma PCB yana ratsa fata ya shiga jini.

Mafi muni shi ne suya. Jami'an Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da masanan da ke aiki tare da su sun sha yin gargaɗi cewa akwai masu gauraya man taransifoma da man girki, saboda yana daɗewa a kasko bai ƙone ba. Ba ina zargin 'yan'uwanmu masu ƙosai da awara da fanke ba ne. Mafi yawansu neman halal suke yi, kuma su ne farkon masu shaƙar hayaƙin kaskon. Amma wadda aka kawo wa jarkar mai a rabin kuɗi, ba tambari, ba a san daga ina ya fito ba, ta sani araha irin wannan tana iya zama ajalin lafiyar 'ya'yanta da na maƙwabta. Ko ƙasar Beljiyam, da duk tsarinta, ta faɗa wannan rami. A 1999 aka zuba tsohon man taransifoma cikin kitsen da ake tarawa don haɗa abincin dabbobi. Gubar da aka ƙiyasta ba ta wuce kilo 50 ba, amma sai da aka kwashe kaji da ƙwai daga kantunan ƙasar, aka hallaka kaji miliyoyi, ministoci biyu suka ajiye aiki, gwamnatin kuma ta sha ƙasa a zaɓen da ya biyo baya.

Wani zai ce, ai ba kowace taransifoma ce ke ɗauke da wannan guba ba. Haka ne. Sababbin da ake ƙerawa yanzu ba a zuba musu shi. Matsalar ita ce ido ba ya bambancewa. Tsantsar man PCB ya fi ruwa nauyi, in aka ɗiga shi a ruwa nutsewa yake yi, man da aka tace daga ɗanyen man fetur kuwa ya taso sama. Amma wannan gwaji ba ya kama man da aka gauraya, kuma gaurayayyen shi ya fi yawa. Shekara da shekaru masu gyara suna ciko da man wannan a cikin waccan, suna tace man taransifomomi da yawa da inji guda, suna amfani da durom guda da tiyo guda. Ta haka taransifomar da aka ƙera da mai mai tsabta take kamuwa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne miligiram 50 a cikin kowane kilo na mai. Ku yi lissafi da ni: kilo ɗaya na PCB ya isa ya kai tan 20 na mai ga wannan iyaka, wato durom fiye da ɗari. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, duk tsohuwar taransifomar da ba a gwada ba, a ɗauke ta a matsayin mai guba har sai gwaji ya wanke ta.

Yanzu ku dubi halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga. Fiye da shekara goma hanyoyi suna da haɗari, garuruwa da yawa sun watse, ma'aikaci ba ya iya shiga ya duba kayan aiki. A duk garin da wuta ta taɓa kaiwa kafin tashin hankali, kayan wutar nan sun sha rana da damina ba mai kula. Ƙarfe yana tsatsa, robar bakin murfi tana bushewa ta tsage, mai yana tsattsafowa. Da mutane suka fara komawa, 'yan gwangwan ma za su koma, domin su ma abinci suke nema, kuma matacciyar taransifoma kuɗi ce. A nan ne nake jin tsoron wuta, ba ta lantarki ba, wutar da ake hurawa don a ƙone takarda da roba a fitar da jan ƙarfe. In aka ƙona PCB a wutar itace ko ta taya, ba ya mutuwa. Rikiɗa yake yi ya haifi wasu gubobi da ake kira dayokzin da furan, waɗanda suka fi shi muni nesa ba kusa ba, hayaƙi ya ɗauke su ya yayyafa a kan rufi da rijiya da shanyar hatsi. A unguwar Agbogbloshie da ke birnin Akara, inda aka daɗe ana ƙona tarkacen kayan lantarki, binciken da aka fitar a 2019 ya sami waɗannan gubobi da yawan gaske a cikin ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. Ku ƙara da ƙunar daji ta kowane rani, wadda ba ta tambayar abin da ke kan hanyarta.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ba daga cikin gari yake fitowa ba, daga waje ake kawo shi. Hallaka irin wannan shara yadda ya kamata tana da tsada ƙwarai, don haka duk inda aka tara ta akwai mai neman hanyar da zai rabu da ita a ɓoye. Manyanmu ba su manta da Koko ba. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka riƙa sauke durom-durom na sharar masana'antu, fiye da tan 3,500, a ƙaramar tashar jiragen ruwa ta Koko da ke tsohuwar jihar Bendel, jihar Delta ta yanzu. A cikin sharar har da PCB. Filin da aka jibge ta na wani dattijo ne da ake biya kimanin dala 100 a wata, bai san abin da aka ajiye masa a bayan gida ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su ne suka tsegunta wa jaridun gida. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tilasta aka kwashe sharar, ma'aikatan da suka yi lodi wasu suka ƙone a jiki. Jirgin Karin B da ya ɗauki wani kaso ya yi ta yawo a teku, tashoshin Turai suna korar sa ɗaya bayan ɗaya, har sai da Italiya ta karɓi kayanta. Daga wannan abin kunya aka kafa Doka ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba ko zubar da ita, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda NESREA ta gaji aikinta na tilasta bin doka a 2007.

Me ya sa aka zaɓi Koko? Domin ƙaramin wuri ne, talakawa ne a ciki, idon hukuma kuma ya yi nisa. Haka aka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1978. Wani mai tankar da aka ba kwangilar kwashe man wani kamfanin taransifoma ya riƙa fita da dare, ya buɗe famfon tankar yana tafiya, har ya tsiyaye galan 31,000 a gefen hanyoyin karkara masu tsawon mil 240. Da gwamnati ta kankare ƙasar, sai ta rasa inda za ta binne ta sai gundumar Warren, wadda mafi yawan mutanenta baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi. A 1982 mutanen gundumar suka kwanta a kan titi don tare motocin da ke kawo ƙasar, aka kama fiye da mutum 500.

Ku ɗora wannan a kan taswirarmu. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ga hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku, ga ta Funtuwa, ga wadda ta gangara Tegina, dukkansu da dogayen wurare da ba gida ba gona. Ga ramukan haƙar zinare da aka bari a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun ga irin abin da ya shige mana ta tsagar rashin hukuma a wannan daji. Ina wannan gargaɗi ne tun kafin wani ya yi tunanin cewa dajin da ya ɓoye shanun sata zai iya ɓoye durom. Abin da aka zuba a nan ba a nan zai tsaya ba. Kogin Mariga zai kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara. Madatsar ruwan Bagoma kuma tana kusa da mu.

Ba sai mun je Japan ba kafin mu san yadda gubar da ido ba ya gani take cin yara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A 2015 ta kashe yara 28 a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabtanmu na jihar Neja. Dalma daban, PCB daban, kuma PCB ba ya kisa farat ɗaya irin haka, a hankali yake ci. Amma hanyar guda ce: mutum ya shigo da abin sana'arsa cikin gida, bai san ya shigo da ciwo ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma waɗanda suka ga aikin da aka sha a Bagega, ɗaya daga ƙauyukan nan na Zamfara, ana kankare ƙasar tsakar gida ɗaya bayan ɗaya ana kwashewa, sun san tsabtace wurin da ya gurɓata ba wasa ba ne. A Amurka, kamfanin General Electric ya shafe shekara talatin, daga 1947 zuwa 1977, yana sakin PCB a kogin Hudson. Kwashe lakar wani sashe kawai na kogin ya ɗauki daga 2009 zuwa 2015, ya ci fiye da dala biliyan ɗaya da rabi, kuma har yanzu ana gargaɗin mutane game da cin kifinsa. Wa zai biya mana irin wannan kuɗi a kan Mariga?

Hanyar da ta dace sananniya ce, kuma farkonta ba shi da tsada. Ana fara da ƙidaya: taransifoma nawa ne, a ina suke, wace shekara aka ƙera kowace, me aka rubuta a farantin da ke jikinta. In an ga sunaye irin su Askarel, Pyranol, Clophen ko Pyralène, magana ta ƙare. In ba a gani ba, sai a ɗebi ɗan mai a gwada. Akwai ƙaramin kayan gwaji da ake zuwa da shi har gindin taransifoma, cikin 'yan mintoci launi ya nuna ko akwai abin zargi, sannan a aika da wanda aka zarga ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar. Wadda ta kamu a manna mata alama da kowa zai gani. In za a cire ta, ma'aikata masu safar hannu da kayan kariya su tsiyaye man cikin durom na ƙarfe mai murfi, a kankare ƙasar da ya ɓata a zuba a wani durom, a haɗa da tsummokara da safar da aka yi aikin da su. A ajiye duka a rumfa mai rufi, daɓen siminti mai ɗan gefe da zai tare yoyo, nesa da rijiya da rumbu, a kulle, a rubuta a littafi. Daga nan sai wurin hallakawa. Man da gubarsa ba ta da yawa ana iya wanke shi da sinadarin da ke cire kulorin daga jikin PCB. Mai ƙarfi kuwa sai tanda ta musamman, mai zafin digiri 1,200, wadda ke tace hayaƙinta kafin ya fita, kuma ƙasashen da ba su da irinta sukan aika da sharar Turai a ƙarƙashin Yarjejeniyar Basel ta 1989.

Nijeriya ta riga ta ɗauki alkawari a kan wannan. Ta amince da Yarjejeniyar Stockholm a 2004, wadda ta sa wa'adi biyu: a daina amfani da na'urori masu PCB zuwa 2025, a kuma gama hallaka shararsu ta hanyar da ba ta cutar da muhalli zuwa 2028. An yi shiri da tallafin Bankin Duniya, aka biyo da wani tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, aka kuma zaɓi cibiyar kimiyya ta Sheda da ke kusa da Abuja a matsayin wurin tara wannan mai da wanke shi. Duk wannan abin yabo ne. Amma a ganina shirin da ya tsaya a manyan tashoshin wuta na birane bai cika ba. Taransifomar da ke cikin tasha mai katanga da maigadi ba ita ce ta fi barazana ba. Wadda ta fi ita ce wadda ke tsaye a kufai, ba mai kallon ta sai ɓarawo da yara masu kiwo. Wurin da tsaro ya hana a shiga jiya, shi ya kamata a fara da shi yau da hanya ta buɗe.

Saboda haka ina kira ga kamfanin Kaduna Electric, da hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA, da ofishin NESREA, da ƙaramar hukumar Birnin Gwari, su zauna su ƙidaya tsofaffin taransifomomin wannan yanki kafin a raba kwangilar sababbi. A rubuta a cikin kowace kwangila cewa wanda ya kafa sabuwa shi zai ɗauke tsohuwa da manta, ya kawo takardar inda ya kai, kafin a biya shi. 'Yan majalisar da ke raba taransifoma a mazaɓunsu, Allah Ya saka da alheri, amma a tabbata sabuwa ce, in kuwa gyararriya ce a nemi sakamakon gwajin manta. Ina kuma miƙa koke cikin ladabi ga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, Allah Ya ja zamanin Sarki, da hakimai da dagatai da masu unguwanni: maganarku ta fi ta kowa shiga kunnen jama'a. Duk baƙon da ya zo neman hayar fili ko tsohon rami don ajiye durom, a tambaye shi abin da ke ciki, a kuma sanar da hukuma kafin a amsa masa. Malamanmu, ku sa wannan a huɗubar Juma'a ko da sau ɗaya ne.

Shugabannin 'yan gwangwan da na masu walda, ku ne kuka fi kusa da wannan mai, hannunku yake taɓawa, ƙirjinku yake shiga. Ku yi doka a tsakaninku cewa ba a sayen taransifoma ko manta sai da takardar kamfanin wuta, ba a kuma ƙona cikinta.

Kai kuma ɗan'uwa mai sauraro, in ka koma garinku ka tarar ƙasar gindin taransifoma ta yi baƙi tana maiƙo, kada ka wanke da ruwa, kada ka sa wuta. Ka rufe wurin da yashi, ka kewaye shi da ƙaya don yara da kaji da awaki, kada a shuka komai a nan. In man ya taɓa jikinka ka wanke da sabulu nan take, tufafin da ya jiƙa kada a haɗa su da wankin iyali. Sannan ka tafi wurin mai unguwa yau, kada ka bari sai gobe, ka ce a rubuta wa kamfanin wuta da hukumar muhalli su zo su gwada.